Kwana Ashirin da Uku na Tasha ta Bakwai

Ƴan uwa, kafin ku sake taruwa a kaina a ƙasan shafin nan, ku bari in gaya muku abin da ya faru tsakanin Asabar da Juma'a. Ke kuma da kika rubuto min cewa "Hamdiya kin cika iyayi, namiji kamar Kamalu ba a tsintarsa a Faransa," ke nake so ki karanta har ƙarshe.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Hamdiya, ƴar Damagaram, shekarata ashirin da takwas. Ina aiki a Lyon, a wani buro da ke tantance wa gwamnati lissafin iskar da mutane ke shaƙa. Akwai wata ƙura da ido ba ya gani, tana fita daga hayaƙin mota da na masana'antu da na murhun itace, tana wuce hanci ta sauka cikin huhu, har jini tana shiga. An kakkafa ƙananan ɗakunan ƙarfe a unguwanni, kowane da inji mai auna ta dare da rana. Aikina in bi lambobin kwana-kwana, in ce wannan rana sahihiya ce, wannan kuwa inji ne ya samu matsala. Da wannan ofishin parfe, wato gwamnan yankin, ke sanin yankin da ya cika ƙa'ida da wanda ya wuce ta.

Bana an ce mu fitar da jerin yankunan da suka haura goma, wato sabuwar ƙa'idar da ke tafe. Tasha ta bakwai tana bayan wata makarantar firamare kudu da Lyon, kusa da wata masana'antar kwalta. Lissafinta na shekara ya tsaya sha ɗaya da ɗigo shida. Masana'antar ta nemi izinin faɗaɗa aiki, kuma kowa ya san in yankin ya shiga ja, izinin ya mutu. Mataimakin daraktan masana'antar shi ne Kamalu, ɗan Maradi, wanda magabatansa za su zo neman aurena ƙarshen wata.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na wuce Bobigny gidan Kawu Mai Moussa, yayan mahaifiyata. Shi ya kawo ni ƙasar nan ina shekara sha tara, a gidansa na yi shekara biyar ina karatu, bai taɓa bambanta ni da ɗiyansa ba. Ku riƙe wannan, don kada ku ce ban san halacci ba.

Tun daga bakin asansa, na'urar hawa bene, na ji turaren wutar Hajiya Huraira, matarsa. Ta shimfiɗa sabon kafet ruwan zuma a falo, ta jera kulolin dambu da zogale, ga kilishi da ta sayo a Barbès, ga jug na lemun tsamiya. Ni kuwa na sa atamfata koriya mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, na yafa baƙin gyale, da warwaron zinarin da Inna ta ba ni ranar da zan baro gida.

"Ke kullum a rame," in ji Hajiya tana juya ni. "Wannan aikin ƙidayar ƙura zai ƙarar da ke. Je ki ƙara jan baki, yana hanya."

Kamalu ya iso cikin shadda ruwan toka, ya ɗora baƙar manto ta sanyi a kai, hula ta zauna daidai. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Kawu, ya tambayi lafiyar kowa da sunansa, har na Inna da ciwon gwiwarta. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta motsa. Wata takwas ina son mutumin nan.

Bayan an ci abinci Kawu ya gyara zama ya dube ni.

"Hamdiya, Kamalu ya ce min akwai ɗan abin da ya haɗa aikinki da nasa."

Na ɗago. Kamalu yana kallon kofin shayinsa.

"Kawu, ai ba a maganar wannan a gida."

"Ni ban san karatunku ba," ya ce. "Abin da na sani, mace ba ta zama sanadin faɗuwar mijinta. Ku daidaita tsakaninku kafin mutanen Maradi su zo. Kin ji ni?"

"Na ji, Kawu."

Ƙarfe huɗu Kamalu ya ɗauke ni zai kai ni Gare de Lyon, tashar jirgin ƙasa da ke Paris. Sai da muka kusa Bercy ya rage rediyo.

"Kwana ashirin da uku ne kawai, ma chérie. Na Disamba. Ki ce inji ya samu matsala, sanyi ya yi yawa, voilà. In an cire su lissafin ya dawo tara da ɗigo takwas. Na yi lissafin da kaina."

"Wa ya ba ka lambobin? Ba a fitar da su ba."

"Wannan ba shi ne zancen ba."

"Injin lafiyarsa ƙalau, Kamalu. A kwanakin nan ne kuka yi ta aiki babu matatar hayaƙi, kai ma ka sani. Ajin yara yana bayan katangar nan."

"Ke ce za ki koya min aikina?"

"Ko na so ba zai yiwu ba," na ce, kuma nan ne na yi wautar da har yanzu nake cizon yatsa a kanta. "Akwai takardun tace iska na kowace rana a firij ɗin tashar. Ana auna nauyinsu a labo, ɗakin gwaji. Litinin da safe ni da Tonton Hassoumi mai gyaran inji za mu je mu kwaso su. Su ba sa ƙarya."

Ya karkatar da motar gefen titi ya taka burki da ƙarfi, goshina ya kusa haɗuwa da gilashi. Na ji ƙarar kulle ƙofofi. Ya kama wuyan hannuna na dama, daidai kan warwaro, ya matse. Ƙarfen ya nutse cikin fatata.

"Ka sake ni, kana ji min ciwo."

"Shekara tara nake hawa matakalar nan," ya ce. Muryarsa a ƙasa take, ko ɗagawa bai yi ba. "Baƙin mutum ɗaya tilo a saman benen. Ba ke za ki sauko da ni ba, ba don wata ƙura da babu wanda ya taɓa gani ba."

Ya ƙara murɗawa har warwaron ya lanƙwashe. Da na fara dukan gilashi da ɗaya hannun, wata mata mai kare ta tsaya tana kallonmu, sai ya sake ni. Ya buɗe ƙofa. Na jawo jakata na fita, na taka da ƙafa har tashar jirgin, jini na bin yatsuna yana ɗiga kan atamfa.

A cikin jirgi saƙonsa ya shigo. "Pardon mon cœur. Gajiya ce. Ki manta." Sai hoton fure. Ban amsa ba. Amma ban gaya wa kowa ba, kuma ban canza ranar Litinin ba. Na gaya wa kaina zafin rai ne, ya wuce. Ku zage ni a nan, kuna da gaskiya.

Tonton Hassoumi shi ne mai gyaran injunanmu, mutumin Tawa, saura shekara biyu ya yi ritaya. Tun ranar da na fara aiki ya ji ina waya da Hausa ya ce, "Ashe ɗiyata aka kawo min." Kullum da goro a aljihunsa da ƙaramin carbi a rataye a madubin mota.

Litinin ƙarfe tara da rabi muka isa. Gari ya yi hazo, sanyi na ratsa safar hannu. Yara sun shiga aji, ana jiyo su suna maimaita karatu. Tashar tana cikin wani ɗan fili mai shingen waya, tsakanin katangar makaranta da wurin ajiye motoci. Tonton ya buɗe, ya shiga, ya fara jera faranten takardun cikin akwatin sanyi mai shuɗin murfi. Ya nuna min guda a hasken ƙofa.

"Dubi na sha biyu ga Disamba. Fari aka sa shi, ya koma kamar gindin tukunya. Wagga ita ɗiyan mutane ke haɗiya."

Ya rufe akwatin ya miƙo min. Ina juyawa na ga babur ya tsaya a bakin shinge. Mutum biyu, kowane da hular kwano mai baƙin gilashi. Ɗaya ya zaro ƙarfen cire taya daga cikin rigarsa, ɗayan yana riƙe da jarka.

"Messieurs, nan wurin gwamnati ne," in ji Tonton, yana shiga tsakanina da su.

Mai ƙarfen ya sheme shi a gwiwa. Na ji ƙarar ƙashin. Tonton ya durƙushe, ya riƙe ƙafar wandon mutumin da hannu biyu.

"Tahi, Hamdiya. Tahi da shi."

Ƙarfen ya sake sauka, wannan karo a kafaɗa, sannan a gefen kai. Hularsa ta ulu ta faɗi cikin laka. Jini ya rufe masa ido ɗaya amma bai saki wandon ba. Mai jarka ya ajiye ta ya yo kaina. Na rungume akwatin a ƙirji na ruga, ya cafko gyalena ta baya, wuyana ya shaƙe, na zube kan tsakuwa. Ya shure ni a haƙarƙari sau biyu. Numfashina ya ɗauke. Na kwanta a kan akwatin rubda ciki, yana jan hannun akwatin, ina ƙara ƙanƙamewa. Ya taka min yatsu da takalminsa. Na ciji hannunsa ta saman safa har na ji haƙorina ya motsa.

Na ji wancan yana ce masa da Faransanci, "Bar yarinyar, an ce kar a taɓa ta."

An ce. Ko a cikin wannan hali kalmar ta shiga kunnena ta zauna.

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Mai gadin makarantar da wata malama suka fito, ƙararrawar makaranta ta ɗauka. Mai ƙarfen ya fizge ƙafarsa, ya shiga tashar ya ragargaza injin da firij ɗin, ya watsa abin da ke jarkar, amma ashanar ta ƙi kamawa. Suka hau babur suka tsere.

Na ja jiki zuwa wurin Tonton. Na cire gyalena na danne masa kai, jinin na ɓulɓulowa ta tsakanin yatsuna, ɗumi, ƙarninsa ya gauraya da warin fetur. Bakinsa na motsi. Na kai kunne.

"Akwatin?"

"Yana nan, Tonton."

Sai ya rufe ido.

A asibiti suka ce gwiwarsa ta farfashe, ƙashin kafaɗa ya karye, jini ya taru a kansa. Suka shiga da shi tiyata. Ni haƙarƙari biyu suka tsage, yatsu biyu aka naɗe. Shugabata, Madame Leïla, ta zo da kanta, ta karɓi akwatin daga cinyata, don har lokacin ban yarda na ajiye shi ba. Ta sa hannu a takarda gaban ɗan sanda, ta kai shi labo da motarta.

Ɗan sandan ya tambaye ni, "Wa ya san za ku zo yau da safe?"

Na ce, "Mutanen buro."

Ƙarya na yi, ko in ce rabin gaskiya. Sunan yana kan harshena na haɗiye shi. Ina tunanin Inna a Damagaram da ta riga ta gaya wa ƙawayenta, ina tunanin anko da Hajiya ta fitar. Matar Tonton tana zaune a kujerar da ke fuskantata, tana jan carbin da aka ciro daga madubin motarsa, ni kuma ina tunanin anko. Wannan ita ce ni a ranar, ba zan gyara muku ita ba.

Saƙonnin Kamalu suka yi ta shigowa.

"Na ji labari. Subhanallah. Kina ina?"

"Ɗauki waya mana."

"Kayan da kuka je ɗauka fa, sun lalace?"

Na daɗe ina kallon na ukun.

Laraba da la'asar ina kwance a ɗakina a Guillotière, hawa na uku, na sa doguwar rigar barci da hijabin salla, na ɗora ruwan shayi a butar lantarki. Aka ƙwanƙwasa. Na zaci maƙwabciyata ce ta kawo min magani daga farmasi. Ina zare sarƙa ya turo ƙofar da kafaɗa.

Yana riƙe da ledar lemu. Ya ajiye ta kan tebur, ya mayar da ƙofa ya rufe. Idanunsa sun yi ja, gemunsa kwana biyu ba gyara.

"Sannu. Ya jikin?"

"Fita."

"Hamdiya, ki saurare ni. Ba haka aka shirya ba. Tsohon ne ya yi taurin kai."

Ko musu bai yi ba.

"Tonton bai farfaɗo ba har yanzu," na ce. "Yana da ɗiya huɗu."

"Za a kula da shi, na yi alkawari. Ina akwatin?"

"Yana labo tun Litinin."

Ya tsaya kamar bai fahimci Hausa ba. Sai ya fara bincike. Ya buɗe firij ya watso kwanukana ƙasa, ya janyo akwatunan ƙarƙashin gado, ya zazzage lefen gwaji da Hajiya ta aiko min in zaɓi kala. Leshi da shadda suka baje a tsakar ɗaki yana taka su. Ya ɗauki kwamfutata ta aiki ya buɗe.

"Shiga. Sakamakon labo ba zai fito ba sai Juma'a. Ki cire kwanakin yau, ki aika, kafin su ankara an wuce wurin."

"Ba zan shiga ba."

Marin ya juyar da ni na bugu da gefen kabad. Kunnena ya ɗauki ƙara. Kafin in miƙe ya damƙi hijabina ya ja ni har gaban tebur, ya danna fuskata kusa da allon.

"Lambar sirri."

Na ƙi ba shi. Ya kama yatsun da aka naɗe ya lanƙwasa su baya. Abin da na ji ba zan iya rubuta muku shi ba. Na ga wuta, na ga duhu, na ji fitsari na neman kuɓuce min. Ya kai bakinsa kunnena.

"Ni zan aure ki. Gara ki koyi jin magana tun yanzu."

Butar ta yi ƙarar tafasa ta kashe kanta. Tana nan kan tebur, kusa da hannuna na hagu. Ban yi tunani ba. Na ɗauke ta na watsa ta baya ta saman kafaɗata. Wani ya zubo min a wuya, amma mafi yawa shi ya samu, a gefen fuska da ƙirji. Ya sake ni ya yi baya yana ƙara, ya taka leshi ya zame, ƙeyarsa ta daki ƙarfen gado. Na rarrafa na buɗe ƙofa na faɗa baranda ina kiran maƙwabta.

Ya fito yana dafe da fuska, fatar kumatunsa ta yi ja ta fara tashi. Mutane uku sun fito bakin ƙofofinsu. Ya tsaya a kaina, ya yi magana da Hausa don kada su ji.

"Ki kai ni kumsariya wurin ƴan sanda in kin isa. Ba ni kaɗai zan tafi ba. Ki tambayi gidanku."

Ya sauka matakala yana dafa bango.

Maƙwabciyata ta sa min ƙanƙara a wuya, ta kira ƴan sanda. Suka ɗauki hoton ɗakin da na fuskata, suka ba ni ƙarfe biyu na ranar Juma'a in je in ba da cikakken bayani.

Alhamis da hantsi Hajiya Huraira ta kira. Babu doguwar gaisuwa.

"Me kika yi wa ɗan mutane? An ce kin ƙona masa fuska."

"Hajiya, kun tambayi abin da ya yi min?"

"Ko me ya yi miki, ke mace ce. Kawunki bai runtsa ba, hawan jininsa ya tashi. Ki janye maganar nan."

Na kashe wayar. Ba a yi minti goma ba saƙon murya ya shigo daga Kawu, minti biyu da daƙiƙa goma sha ɗaya. Na saurare shi a tsaye a bakin taga.

"Hamdiya, ɗiyata. Ki ji tsoron Allah ki rufa mana asiri. Kin san kamiyoyin nan shida na ɗaukar kaya su ne duk abin da na tara a ƙasar nan, su ke ciyar da gidan nan da na uwarki. Kamalu ya sama min jigilar sabon wurin, shekara biyar, in izini ya fito. Yaran nan da suka je, wallahi na gaya musu da bakina inji kawai za su taɓa, kuma kar wanda ya kusance ki. Ban san tsohon zai riƙe su ba. Direbobina ne, suna da iyali. In kika ambaci Kamalu, ni kika ambata. Ki goge saƙon nan in kin ji."

Na zauna a ƙasa, cikin leshin da ban kwashe ba. Na sake saurara. Muryar nan ce ta karanta min addu'a a filin jirgin Yamai. Ita ce ke tada ni sallar asuba shekara biyar. Ranar da na ci jarrabawar injiniya, mutumin nan ya yi kuka a gaban Turawa bai ji kunya ba. Kuma ƙafar da ta tsaga min haƙarƙari, shi ke biyanta albashi.

Na ɗora yatsa kan alamar gogewa. Na daɗe a haka. Sai matar Tonton ta kira ta ce ya buɗe ido, amma hannunsa na dama ba ya motsi, kuma likita ya ce ba su san ko magana za ta dawo ba. Ta ce, "Na san za ki so ki ji, ɗiyata. Kullum zancenki yake." Na ce mata na gode. Na ajiye wayar ban goge komai ba.

Juma'a da safe na sa baƙar abaya da ɗankwali mai taushi saboda ƙunar wuyana, na sa tabarau ya rufe kumburin ido. Madame Leïla ta ce in zauna gida, wani zai sa hannu a madadina. Na ce a'a. Sakamakon labo yana kan teburinta. Nauyin takardun ya yi daidai da abin da injin ya rubuta, kwana ashirin da ukun nan duka, babu wanda ya kauce.

Na buɗe shafin tasha ta bakwai. Da hannun hagu na bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya ina danna "sahihi". Ya ɗauke ni kusan rabin awa. A ƙasa lissafin ya fito, sha ɗaya da ɗigo shida, yanki ya wuce ƙa'ida. Na rubuta sunana, Madame Leïla ta rubuta nata, ta aika ofishin parfe ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin. Ta dafa kafaɗata.

Ƙarfe biyu ina kumsariya. Wata jami'a mai gajeren gashi ta zaunar da ni, ta kawo min ruwa a kofin takarda. Na ba ta labarin mota, da na Litinin, da na Laraba. Na faɗi sunan Kamalu cikakke, na ba ta adireshinsa. Tana bugawa tana ɗaga kai. Da ta gama ta juyo da kujerarta.

"Mutanen biyu na kan babur, kina da wani abu da zai taimaka mana mu gano su?"

Wayata na cikin jaka, kan cinyata. Na ji ta yi motsi. Na ciro. Inna ce daga Damagaram, kira na huɗu tun safe. Na bar shi ya katse. Na tuna hular ulun Tonton cikin laka. Na buɗe saƙon Kawu, na ɗora wayar kan teburin, na tura mata.

"Da Hausa ne," na ce. "Za ku buƙaci tafinta. Ni ba zan iya fassara muku shi ba."

"Wane ne mai maganar?"

Na kurɓi ruwan.

"Yayan mahaifiyata. Shi ya riƙe ni."

Ta ɗauki wayar tebur ta nemi a turo tafinta. Tana cikin magana allon wayata ya yi haske a gabanmu mu biyu. Saƙo daga Hajiya Huraira. Jami'ar ta nuna min da ido in duba.

"Kawunki ya hau jirgin ƙarfe ɗaya, zai sauka tashar Part-Dieu a Lyon ƙarfe uku. Ya ce ki tarye shi ke kaɗai. Na duba durowarsa, ya ɗauki fasfo ɗinki na Nijar da kika bari a wurinsa, kuma ba shi kaɗai ya tafi ba, direbobi biyu na tare da shi. Ban gaya miki komai ba."

Na ɗaga kai na dubi agogon bango. Uku saura minti ashirin. Na juya wayar na fara karanta wa jami'ar saƙon da Faransanci, kalma bayan kalma. Kafin in kai ƙarshe ta miƙe ta ɗauki rigarta daga bayan kujera.

"Za ki iya nuna mana shi a cikin jama'a?"

Na ce zan iya.